Yadda za ka zaɓi waya mai jure wahala wadda ba za ta zame maka kaya ba

Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Idan mutum ya zo neman shawarar waya mai jure wahala, ba na gaggawar kiran sunan kamfani. Tambayarsa nake fara yi: me ya kashe ta baya? Mai walda yakan ce sifikarta ce ta dishe har ba ya jin mai kira. Manomin rani daga Kura ko Kadawa yakan ce ta suɓuce daga aljihun gaba ta faɗa ruwa yana sunkuye yana gyara hanyar ban ruwa. Ɗan Adaidaita Sahu kwalta ce ta cinye masa sikirin. Direban babbar mota kuwa batir ne ya kumbura har ya ɗaga bayan wayar, don kullum tana gaban mota tana shan rana. Kowa da irin ciwonsa, kuma wayar da za ta yi wa wannan magani ba lallai ne ta yi wa wancan ba. Don haka kafin ka shigo kasuwa, zauna ka tuna abin da ya ci wayoyinka na baya. A kan wannan za ka kashe kuɗinka, sauran duk ƙari ne.

A da, mai son waya mai ƙarfi sai dai ya haƙura da kyau. Zai ɗauki wani abu mai kauri, baƙi da ratsin ruwan ɗorawa, kusoshi a waje, injin ciki kuma na shekaru uku da suka wuce. Yanzu lamarin ya canja. Akwai wayoyin da za ka fitar a wurin ɗaurin aure ba wanda zai gane ta aiki ce, kuma gobe ka shiga da ita gona. Sai dai kasuwar ta cika da kwalaye masu manyan rubuce-rubuce, kuma wanda bai iya karanta su ba, kaurin roba zai saya ya ɗauka ƙarfi ya saya.

Abin da ke rubuce a jikin kwali

Fara da haruffan IP da lambobi biyun da ke binsu. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. A ɓangaren ƙura, 6 ce ƙarshe, wato ƙura ba ta shiga sam. Idan 5 ce, tana ɗan shiga amma ba ta kai ta hana aiki ba. Mu da muke shan hazon hunturu wata biyu zuwa uku kowace shekara, 6 nake so mutum ya nema. Idan ka ga X a gurbin lamba, kamar IPX7, to ba a gwada wannan ɓangaren ba ke nan.

A ɓangaren ruwa, 4 yayyafi ne da fantsama kawai. Wayoyi da yawa na matsakaicin kuɗi, irin su wasu Tecno da Infinix, IP54 ko IP64 suke ɗauke da shi, kuma hakan ya isa ga wanda ruwan sama ke taɓawa a kan babur kafin ya samu mafaka. Amma ba na faɗawa bokiti ba ne. Lamba 7 tana nufin ta jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Lamba 8 ta fi haka zurfi, kuma kamfanin ne ke faɗin iyakarta, yawanci mita 1.5 na minti 30. Sai IP69K, wanda gwaji ne na fesa ruwan zafi mai digiri 80 da ƙarfin gaske, irin na injin wankin mota. Wannan gwajin daban yake da na nutsewa, shi ya sa za ka ga wayoyin kirki sun rubuta biyun tare, IP68 da IP69K.

Ga abin da mai shago ba ya cika faɗa: duk gwaje-gwajen nan da ruwa mai tsabta ake yin su, a kan sabuwar waya fil. Ba ruwan sabulu ba, ba ruwan kwata ba, ba fetur ko kalanzir ba, ba kuma tururi ba. Wata mai sayar da abinci ta taɓa kawo mini waya mai IP68 da kyamararta ta yi hazo daga ciki, tana rantsuwa ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. Na ce, "Hajiya, ina kike ajiye ta in kina tuƙin tuwo?" Ta ce a kan kanta kusa da tukunya, don ta riƙa jin kira. Gaskiya ta faɗa, ba ta faɗa ruwa ba. Tururi ne ya yi ta sassauta gam ɗin da ke riƙe da gilashi har ya samu hanya. Kuma kusan duk kamfanonin, garantinsu bai haɗa da ɓarnar ruwa ba, ko da sun rubuta IP68 da manyan baƙaƙe.

Rubutu na biyu shi ne MIL-STD-810H, wanda ake tallatawa da cewa ƙarfin soja ne. Asalinsa kundin gwaje-gwaje ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka. Mai harafin H ya fito a 2019, mai G da ya gabace shi kuma a 2008. A cikinsa akwai gwajin zafi, sanyi, girgiza, yashi, danshi da faɗuwa. Gwajin faɗuwar da aka fi ambata shi ne a saki na'urar sau 26, ta fuska da gefe da kusurwa, daga tsayin kusan mita 1.2. Amma babu wani sojan Amurka da ke buga wa waya hatimi. Kamfani ne ke zaɓar gwajin da yake so daga cikin kundin, ya yi da kansa ko ya biya wani ɗakin gwaji. Saboda haka rubutun kaɗai bai ishe ka ba. Nemi inda aka faɗi tsayin faɗuwar da abin da aka faɗa a kai, siminti ne ko ƙarfe ko katako. Kamfanin da ya yi gwajin da gaske ba ya ɓoye wannan.

Gilashi da yashi

Mafi yawan wayoyin da ke zuwa teburina, sikirin ne ya kawo su. Nan ne ya kamata ka fi zuba ido. Juya wayar ka kifa ta a kan tebur. Idan gilashin ne ke taɓa teburin, ba a yi ta don faɗuwa ba. Ta kirki tana da ɗan leɓe da ya ɗara gilashin tsayi, kusurwoyinta huɗu kuma suna da kauri, don waya ta fi faɗuwa ta kusurwa. Guji mai gilashin da ya lanƙwasa ta gefe. Yana da kyan gani, amma ya fi saurin fashewa, ya fi tsada wajen canji, kuma gilashin kariya ba ya zama a kansa da kyau.

Za ka ga sunan Gorilla Glass na kamfanin Corning, musamman Victus da ya fito a 2020 da Victus 2 na 2022. Suna da kyau, sun fi jure faɗuwa. Amma babu wanda ya fi ƙarfin yashinmu a cikinsu. Ƙwayar yashi ta fi gilashin waya tauri, shi ya sa makulli ko kwabo ba sa yi masa komai amma ƙwaya ɗaya a ƙasan aljihu sai ta ja masa layi. Wannan layin ne ke zama mafarin tsagewa ranar da ta faɗi. Ko nawa ka sayi wayar, manna mata gilashin kariya a ranar, kuma kada ka goge sikirin da gefen riga alhali akwai ƙura a kai. Hura tukuna, sannan ka goge.

Kafin ka biya, roƙi mai shago ku fita waje tare, ka duba sikirin a tsakiyar rana. Waya da yawa suna haske a cikin shago, amma a fili sai ka kare da tafin hannu kafin ka ga lambar mai kira. Ka kuma jiƙa yatsa ka gwada latsawa. Masu kyau suna amsa jiƙaƙƙen yatsa, wasu ma har da safar hannu.

Nauyi, kyau da batir

Ni a wurina wayoyin nan iri uku ne, kuma yawancin masu zuwa neman na ukun, na farko ko na biyu ne ya dace da su.

Akwai wayoyi na yau da kullum da aka ƙarfafa. Misali Motorola Edge 50 Neo ta 2024 tana da IP68 da MIL-STD-810H, nauyinta bai kai giram 180 ba. Honor, Oppo da Redmi ma suna fitar da irin waɗannan. Ga ɗan kasuwa, malamin makaranta, mai POS, ko wanda matsalarsa ita ce waya ta zame daga aljihu lokacin alwala, irin wannan da riga mai kaurin kusurwa ta wadatar. Ga kyamara mai kyau, ga rashin nauyi.

Sai na tsakiya, waɗanda tun asali don aiki aka ƙera su amma aka kula da siffarsu. Nan ne Samsung Galaxy XCover7 take, wadda ta fito a farkon 2024: sikirin inci 6.6, nauyi giram 240, kauri kusan milimita 10, da batir 4,050 mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) da ake cirewa da hannu. XCover7 Pro ta biyo baya a 2025 da injin da ya fi sauri da batir 4,350 mAh. Nokia XR21 ta 2023 ma tana wannan sahun, da IP69K da batir 4,800 mAh. Su na fi nuna wa magina, masu haƙa rijiyar burtsatse, malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka. Suna shiga aljihun kaftani ba tare da sun ja wuyan rigar ƙasa ba. Batirin da ake cirewa kuwa babbar ni'ima ce a ƙasar da zafi ke kashe batir kafin ya kashe komai: ka sayi na biyu ka ajiye, in na farko ya gaji ka canja da kanka ba tare da an ɓamɓare wayar ba. Sai dai duk lokacin da ka mayar da murfin baya, bi gefensa da babban yatsa kana dannawa har ko'ina ya zauna, ka kuma tabbatar babu ƙwayar yashi a kan siririyar robar da ta zagaye shi. Wannan robar ce kaɗai tsakanin ruwa da injin.

Na uku su ne manyan, na kamfanonin China irin su Ulefone, Doogee, Blackview, Oukitel da Unihertz. Oukitel WP19 tana da batir 21,000 mAh, Doogee V Max da Unihertz Tank kuma 22,000 mAh, kuma kowacce ta haura rabin kilo. A hannu kamar rabin bulo suke. Ba na raina su. Makiyayin da zai yi kwanaki a daji, mai gadin gona, ko wanda garinsu sai a yi mako ba a ga wutar Nepa ba, wannan batirin ne rayuwar wayarsa, har ma ya ba wa wasu caji daga jikinta. Amma riƙe ta a kunne na minti goma ka ji yadda hannu zai yi, ka kuma tambayi kanka inda za ka sa ta in ka hau babur. Mutane da yawa sun saye su don sha'awa, bayan wata biyu suka dawo neman musanya. Idan za ka ɗauki irin wannan, duba ƙarfin cajarta. Batir 22,000 mAh da cajar wat 18 ba zai cika a ƙasa da awa 5 ba, kuma mai biyan kuɗin caji a shagon janareta ya san abin da hakan ke nufi. Nemi wat 33 zuwa sama. Su ma waɗannan kamfanonin yanzu suna da sirara masu batir 5,000 zuwa 6,000 mAh, kuma su ne suka fi dacewa da yawancin mutane.

Maganar zafi tana damuna ƙwarai, don ba a rubuta ta a kwali. Apple da kansa yana cewa a yi amfani da waya a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a Kano, balle Sakkwato da Maiduguri. Robar da ke kare waya daga faɗuwa ita ce kuma ke riƙe zafi a ciki. Kada ka bar ta a gaban mota, kada ka yi caji a rana, kada ka kwana da ita a ƙarƙashin matashi tana caji. Da zarar ka ga bayanta ya fara tasowa, daina caji ka kai ta wurin gyara a ranar.

Abin da ke ciki

Ƙarfin jiki ba ya amfani in waya ba ta kama sabis. Duba takardar bayaninta ka tabbatar tana da zangon 4G na B3, B7, B20 da B28, don a kansu MTN, Airtel da Glo suke aiki a Najeriya. B20 da B28 su ne masu tafiya nesa, su ne ke kai wa ƙauye. Mai son 5G ya nemi zangon n78. Wannan ya fi shafar tokumbo da aka yi don kasuwar Amurka, irin su Kyocera da Sonim. Wayoyi ne masu ƙarfin gaske, amma sau da yawa suna zuwa a kulle da layin can, ko babu zangon da muke buƙata. Sa layinka a ciki, ka kunna data, ka ga 4G da idonka kafin kuɗi su bar hannunka.

Sannan buɗe Play Store, ka shiga Settings, ka gangara About, ka duba Play Protect certification. Idan bai nuna an tantance wayar ba, ajiye ta, don manhajojin banki za su iya ƙin aiki a kanta. Tambayi shekarun da kamfanin ya yi alkawarin aiko da sabunta tsaro. Samsung na faɗin nasa a fili kuma yana kai shekaru da dama. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa yin wani alkawari. Wanda asusun bankinsa da kuɗin kasuwancinsa ke cikin waya bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Ka kula da lissafin RAM kuma, wato ƙwaƙwalwar da waya ke tafiyar da manhajoji da ita. Idan an rubuta 24GB, sau da yawa 12 ne na gaske, sauran 12 aro ne daga ma'adanar waya, kuma ba ya sauri kamar na gaske. Na gasken 6 zuwa 8 ya ishi yawancin mutane.

Kayan ƙari kuwa, zaɓi wanda aikinka zai ci. Kyamarar ganin zafi, wadda Cat S60 ta fara kawowa cikin waya a 2016 da na'urar FLIR, yanzu tana cikin wasu Ulefone, Doogee da Blackview. Mai haɗa sola ko mai wayarin zai nuna ta ga akwatin wuta ya ga mahaɗar da ke zafi tun kafin ta ƙone, mai kiwon kaji kuma ya ga ɓangaren ɗakin 'yan tsaki da ɗumi bai kai ba. Ga waɗannan, kuɗinta halal ne. Ga wanda ba ya irin wannan aikin, sati ɗaya zai yi yana wasa da ita ya manta. Abin da na ga kowa na mora shi ne maɓallin gefe da kake saita wa aikin da kake so, kamar kunna tocila ba sai ka buɗe waya ba, da sifika mai ƙara, da gurbin layi biyu da katin memori.

Tambayar da ta fi duka

Kafin ka biya, zagaya layin masu kayan gyara ka tambayi shago biyu ko uku: akwai sikirin wannan wayar? Akwai batirinta da bakin cajinta? Nawa ne? Babu wayar da ba ta fashewa. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini wata babbar waya mai tsada da tayar mota ta taka gefenta. Injin lafiya lau, batir lafiya lau, sikirin kawai ake nema. Muka duba nan, muka aika Computer Village a Legas, babu. Sai da aka yi oda daga China ya jira makonni, kuɗin kuma ya kusa rabin kuɗin wayar. A tsakanin nan dole ya sayi wata ƙarama don kada kasuwancinsa ya tsaya. Kamfani ma yana iya rufewa. Bullitt na Ingila, wanda ke ƙera wayoyin Cat, ya durƙushe a farkon 2024, kuma masu riƙe da wayoyin nan yanzu sai abin da ya rage a kasuwa. A wannan fannin Samsung, Tecno da Infinix sun yi wa sauran nisa, don kayansu na ko'ina. Idan zuciyarka ta kwanta da wadda kayanta ke wuya, to sayi gilashin kariya biyu ko uku tare da ita tun ranar farko, don shi ma ba lallai ka same shi daga baya ba.

Idan tokumbo ce, danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da ta jikin kwali ko rasit. Zare tiren layi ka haska ramin da tocila. A wayoyi da yawa akwai ɗan farin tambari a ciki, in ya koma ja ko ruwan hoda, ruwa ya taɓa shiga. Duba kawunan kusoshi ko sukundireba ya taɓa cin su, da gefen sikirin ko akwai alamar sabon gam. Wayar da aka taɓa buɗewa, ɗauke ta a matsayin wadda ba ta hana ruwa, ko me aka rubuta a bayanta.

Duba bakin caji ma. Wasu suna da ɗan murfin roba da ake buɗewa da farce kullum. Bayan watanni yakan saki, wasu ma su tsinke shi don ya dame su, daga nan kuma kariyar ta tafi. Na fi son wadda aka toshe bakin cajinta daga ciki, ba ta buƙatar murfi.

Bayan ta zama taka, kulawar ba ta da yawa. In ta sha laka ko siminti, kuma mai IP67 ko IP68 ce da ba a taɓa buɗewa ba, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta ba sabulu, ka girgiza, ka bar ta ta bushe sarai kafin caji. Kada ka sa allura ko tsinke a ramin makirfo, don bayansa akwai siririn tantani da ke hana ruwa, kuma huda ɗaya ta gama da shi. Tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa. Masu walda da masu aikin garanda, ku ne na fi tausaya wa a nan. Maganaɗisun sifika na jan garin ƙarfe, in na duba sai in ga ya taru baƙi ƙirin a kan ragar, kuma babu lambar IP da ke hana wannan. Sa wayar cikin leda ko aljihu mai zif yayin aiki, duk mako kuma ka manna salatif a kan ragar ka ɗaga, zai kwaso garin.

Idan kuma ruwa ya shiga duk da haka, kashe ta nan take, kada ka gwada caji don ka ga ko tana aiki, kada ka binne ta a shinkafa, kada ka shanya ta a rana. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ke ƙarƙashin injin, kuma kowace awa da ta wuce tsatsa na cin layukan ciki. Kai ta wurin mai gyara a ranar, ka faɗa masa irin ruwan da ta faɗa da lokacin da abin ya faru, kuma in ya gama ka ce ya mayar mata da sabon gam na gefe, ba tsohon da ya ɓamɓare ba.